Gaisuwar Ilu a Gaban Alƙalai Bakwai

Tun da aka kafa dokar hana yi wa hukuma gatse, shari'ar Ilu direba ce ta fara kaiwa Kotun Ƙoli. Ya tsaya ne a bakin karyayyiyar gada ya ce wa ciyaman, "Sannu da aiki." In ta tabbata gatse ne, za a ɗaura masa abin wuya mai ɗauke murya, shekara biyu.

"Maimaita," in ji babbar alƙaliya, tana nuna ma'aunin muryar da ke teburinta.

"Sannu da aiki."

Allurar ta tsaya cak tsakanin kore da ja. Sauran alƙalai shida suka rabu uku-uku, sai aka kira matarsa, Uwale.

"Baiwar Allah, gaisuwa ce ko gatse?"

"Ranki ya daɗe, shekara talatin haka yake yaba miyata. Har yau ban gane ba."

Kotu ta kaure da dariya.

"Abin da ya gagari matar mutum, doka ba za ta hukunta shi ba. An sallame shi."

"Kai, amma kun yi adalci!" in ji Uwale.

Allurar ta zabura ta nufi ja. Babbar alƙaliya ta rufe ta da takarda, ta ce a kira ƙara ta gaba.