Motar da Marigayi Ya Bari

Tunda ka ce an ɗauke ka aiki a kamfanin motoci, zauna in ba ka wani misali kafin ka fara.

An yi wata mata a Zariya, malamar asibiti ce da ta yi ritaya, mijinta ya rasu ya bar mota. Da aka zo rabon gado ita ta roƙi a sa motar cikin kasonta, ba don tsada ba, sai don kujerar direba ta lotsa daidai zamansa, kuma in rana ta bugi motar, ƙamshin turarensa kan taso daga ciki. Shi mutum ne mai sauraron mota. In suna tafiya yakan rage rediyo, ya karkata kai, can ya ce ba komai. Ita kuwa ba ta taɓa tambayar abin da ya ji ba, maganarsa ta ishe ta. Da ya kwanta ciwon ajali ya ce mata ta riƙa kai motar kamfanin da aka saye ta, a kan lokaci, kada ta bari ta lalace. Ta riƙe wannan magana riƙon wasiyya.

Kamfanin wuri ne mai sanyi, kujeru masu laushi, kana zama a kawo maka shayi. Juyen baƙin mai kawai take zuwa yi, amma ba ta taɓa fita da shi kaɗai ba. Akwai wani mai karɓar baƙi, fara'a kamar gonar auduga, zai zo ya rusuna ya ce, "Hajiya, don lafiyarki muke faɗa." Wannan zuwa birki ne ya cinye, wancan zuwa batir ya yi sanyi, wani zuwan kuma wani abu a ƙarƙashin mota da ko sunansa ba ta iya maimaitawa. Sai ta waiga gefenta kamar mai shirin tambayar wani, ta ga kujera ba kowa, ta ce a yi. Wace ce ita da za ta yi musu a kan birki, alhali jikoki take ɗauka?

Haka aka yi ta yi, har ranar da mai karɓar baƙin ya ce mata batir ya gama aiki. Ita kuwa ta tuna da bakinsa ya sa ta sake shi gabanin azumi, ga shi ko babbar Salla ba a yi ba. Da ta tuna masa, sai ya yi dariya ya ce kuskure ne, ya wuce zuwa wani zancen, ko gezau fuskarsa ba ta yi ba. Wannan rashin gezau ɗin ne ya faɗa mata sauran labarin. A hanyar gida ta tsaya gefen titi ta kifa kai a sitiyari. Abin da ya fi ci mata rai, ashe da yardarta aka yi ta ciccire lafiyayyun abubuwan da hannun mijinta ya taɓa, ɗaya bayan ɗaya, tana cewa an gode.

Ba ta daina zuwa ba, saboda wasiyya, amma ta toshe kunnenta. Ana nan 'yarta ta haihu a Gusau, namiji, aka ce sunan marigayi za a mayar. Ta kai motar sabis don tafiya. Ranar wani bakanike ne magidanci ya fito daga ciki yana goge hannu, ya ce lagireto ya tsage, ruwan sanyaya inji na zuba, kada ta yi doguwar tafiya a haka. Gaskiya ya faɗa, kuma don Allah ya faɗa. Amma tsautsayi ya sa ya buɗe baki da cewa, "Hajiya, don lafiyarki." Ta dube shi sama da ƙasa, ta ce a juye mai kawai a ba ta makullinta.

Ranar suna ta yi sammako. Ta wuce Funtuwa kaɗan sai tururi ya turnuƙe gaban motar, injin ya yi wata ƙara ya ɗauke. Ta zauna gindin ɗorawa tana kallon motoci na wucewa, rana na ɗagawa, ga kayan jariri a kujerar baya. Kafin ta sami wanda zai tsare motar, ta hau ta haya ta isa, taro ya watse, ana wanke tukwane. Ta karɓi takwaran mijinta ta rungume, ta kasa kiran sunan. Motar kuwa janyo ta aka yi, aka ce injin ya ƙone, sai dai a sa wani. Ta ce a bar ta.

Har yau tana nan, a adaidaita-sahu take zirga-zirga. In likita ya ce ta canja magani, ko magini ya ce katanga ta tsage, sai ta ƙura masa ido tana laluben fuskarsa, tana so ƙwarai ta yarda, yardar ta ƙi zuwa. Ita ce fa wadda ta yi shekaru tana miƙa wa marasa lafiya ƙwaya su haɗiye ba tambaya.

To ka gani, wanda ya yi ƙaryar yana can cikin sanyi, mai gaskiyar ne aka ƙaryata, ita kuma ta kwashi asarar. Shi ya sa Hausawa suka ce, wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu.