Filtar Alhaji Sajo

Tun da Alhaji Sajo ya haƙa bohol a gidansa na Sintali, ruwan bai taɓa daɗaɗa masa rai ba. Ja-ja yake fitowa, ga laka a gindin bokiti, ga wari kamar na tsohon ƙarfe. Matarsa Hadijatu ba ta cika ƙorafi ba. Kullum da safe takan tafasa babbar tukunya, ta bar ruwan ya huce, ta zuba wa jikarsu Ruwaida a gora. Yarinyar ita ce idon Alhaji. Ko kasuwa zai je sai ya yi mata sallama sau biyu.

Ganin tsohuwa tana fama da hayaƙi ne ya sa ya kira Rufus mai aikin famfo, ya ce a sa masa filta a bakin tanki wadda za ta tace ruwan gidan gaba ɗaya. Rufus ya kawo kwalabe biyu manya, ɗaya mai farin abin tacewa a ciki don tare laka, ɗaya mai gawayi don kashe wari.

"Baba, kafin mu ɗaura, a kai ruwan nan a gwada," in ji Rufus. "Bohol ɗinka yana kusa da masai. Wannan filta laka da wari ne kawai yake cirewa, ba ya kashe cuta. In akwai cuta, sai an ƙara wani abu."

Alhaji ya yi dariya. "Ɗana, ruwan kogi na sha na girma. Ruwa in mai kyau ne, ido ma ya isa shaida. Ɗaura kawai."

Aka ɗaura, ruwa kuwa ya fito garau. Alhaji fa sai ka ce shi ya ƙera ta. Duk baƙon da ya shigo, ko gaisuwar mutuwa ya kawo, sai an zagaya da shi bayan gida ya ga filta. Daga nan ya ɗauke tukunyar Hadijatu ya kife a kan rumfa.

"Hajja, kin yi ritaya daga hura wuta. Ki huta."

"Alhaji, ko na yarinyar nan a bar ni in riƙa tafasawa."

"Wannan ruwan ya fi na leda," ya ce. Da hannunsa ya tara kofi a famfo ya miƙa wa Ruwaida, ta shanye tana yi masa gwalo.

Da damina ta kankama, ruwan masai ya riƙa tsatsafowa cikin bohol ta ƙarƙashin ƙasa. Filta ta ci gaba da aikinta, ruwa fari tas, ba wari. Sai Ruwaida ta fara gudawa da amai. Kafin a ankara idanunta sun faɗa, ko kai ba ta iya ɗagawa. A asibiti aka yi ta neman jijiyar da za a sa mata ƙarin ruwa, Alhaji yana tsaye. Da aka tambayi irin ruwan da take sha, ya ce na bohol ne, bai ambaci filta ba. Gwajin da ya ƙi yi da farko, aka yi shi daga baya, ya nuna ruwan cike yake da ƙwayoyin cuta.

Allah ya yi da sauran kwana, yarinya ta tashi, amma ta rame kamar ba ita ba. Ranar da aka dawo da ita gida, Alhaji ya sauko da tukunyar daga rumfa, ya hura wuta da kansa, hayaƙi na sa shi hawaye. Da ruwan ya huce ya kai mata a kofi. Ruwaida ta dube shi, ta noƙe kafaɗa.

"Ba na shan naka, Kaka. Naka ciwon ciki yake sawa."

Hadijatu ce ta karɓi kofin ta ba ta, sannan ta sha.

Jama'a, hasken ruwa ba shi ne tsabtarsa ba. A gwada ruwa kafin a zaɓi filta, a kuma san cewa ta laka da gawayi ba ta kashe ƙwayoyin cuta.