Karen Nasidi

Hamidu ya ƙara jan igiyar, ya tabbatar ƙullin ya kama turken, sannan ya miƙe. Duna ya ɗago kai ya dube shi, ya mayar ya kwantar a kan ƙafafunsa. Tun da damina ta sauka, a ɗaure baƙin karen nan yake kwana, a ɗaure yake wuni.

Ba don mugunta ba ne. Da ruwan madatsar Bakolori ya cinye ƙauyensu a ƙasar Maradun, sai suka dawo gefen Talata Mafara, wata sabuwar unguwa a bakin ƙaton ramin da masu aiki suka ɗebi ƙasa suka bari. Ruwa ya cika ramin ya zama tafki, mata suka mai da bakinsa wurin wanki. Ana nan sai ga kada, ba wanda ya san ta inda ya biyo. Ya fara da agwagi, ya koma kan 'yan awaki, sannan ya shiga ɗauke karnukan unguwa ɗaya bayan ɗaya.

Duna kuwa na Nasidi ne, ƙanen Hamidu. Ranar da manoma suka tare hanyar madatsa saboda gonakinsu, aka buɗe musu wuta, Nasidi ya fita da karen a bayansa. Karen kaɗai ya dawo gida. Ba a ga gawa ba, balle kabarin da za a ziyarta. Tun daga ranar, mahaifiyarsu Inna Marka, wadda a da ko kusa da tabarmar sallarta ba ta yarda kare ya gifta, ta koma zama daf da turkensa tana yi masa hira ƙasa-ƙasa.

"Shi ya yi ma ɗana ganin ƙarshe," ta ce wa Hamidu wata rana. "Ka tsare min shi."

Hamidu ya tsare. Ya sare ƙaya ya kewaye bayan gida, ya bar 'yar ƙofa guda ta fita bakin ruwa. Kowace yamma yana biyawa ta wurin mahauta a kasuwa ya ƙunso hanji da tarkacen nama, ya miƙa wa Inna, don ita ta hana kowa ciyar da karen sai ita. Duk da haka Duna ramewa yake yi, har ana ganin haƙarƙarinsa. Hamidu ya ce kewar mai shi ce. Ai dabba ma tana da zuciya.

Abu ɗaya ne ya hana shi sakat. Tafkin nan yana da faɗi, amma kullum hantsi kadan a bayan gidansu yake shanya baya, daidai gindin bagaruwa. Masunta suka ce kada ba ya maƙale wa wuri sai in ya saba samu a wurin. Zuciyar Hamidu ta tafi kan maƙwabcinsa Falalu, mahauci, wanda katanga ɗaya ce tsakaninsu.

"Malam Falalu, ka ji tsoron Allah. Dattin fawarka kake watsa mana a ruwa!"

"Ni? Haba maƙwabci! Ni da jikokina ke wasa nan? In ka kama ni, ka yanka ni da wuƙata."

Daga ranar gaisuwa ta yanke tsakanin gidajen biyu.

Mata suka ƙaurace wa gindin bagaruwa. Inna Marka ce kaɗai ba ta daina ba. Da sassafe takan ɗauki ƙwaryarta rufe da faifai ta bi ta 'yar ƙofar nan, Duna yana kuka yana fizgar igiya har sai ta dawo. Hamidu ya roƙe ta ta riƙa wanke-wankenta a cikin gida.

"Ni ɗiyar masunta ce," ta ce. "Ruwa ya san ni."

Wata Laraba Hamidu ya tafi Bakura neman irin albasa. Da la'asar ya dawo, tun daga nesa ya hango mutane cirko-cirko a ƙofar gidansu. Ya wuce su ya shige gida. Turken yana nan. Igiyar tana nan, an tauna ta har ta tsinke.

Falalu ne ya tare shi, riga jiƙe sharkaf, idanu jajur. Ya ce ɗazun nan karen ya kuɓuce, bayan ya wuni yana fizgar igiya tun da Inna ta dawo daga bakin ruwa. Ya bi ta ƙofar ƙaya da gudu, hanci a ƙasa, ya tsaya gindin bagaruwa yana lasar laka kamar wanda bai taɓa cin abinci ba. Ruwa ya motsa sau ɗaya. Falalu ya faɗa ciki da wuƙa har ƙirji, amma ko wutsiya bai kama ba.

Hamidu ya kasa dubansa. Ya nufi bakin tafkin.

A can ya tarar da Inna zaune a kan laka, ɗankwali ya zame, tana kallon ruwan da ya kwanta lumui. Ya durƙusa kusa da ita. Ya buɗe baki zai ba ta haƙuri, zai ce laifinsa ne da bai sayo sarƙa ba, sai ta riga shi.

"Ya ci amanata, Hamidu," ta ce. "A gidan ubana, wanda ya ciyar da kada, kada bai taɓa nashi. Mi na rage mashi? Duna ƙanzo kawai nike ba shi, duk naman da kake kawowa nan nike zuba ma kadan nan kowace safiya, don ya ƙoshi ya bar min karen ɗana."