Filin Koci Lundgren

Da shugabar kwalejin ta aika a kira shi, Koci Lundgren ya ɗauka kora ce. Shekara arba'in yana horar da 'yan ƙwallon Amurka a nan, amma bana ko wasa ɗaya bai ci ba.

"Zauna, Koci, ka daina murza hular nan," in ji ta. "Za mu sa wa filin wasan sunanka."

Dattijon ya share ƙwalla. "Ranki ya daɗe, bari in yi wa yarana albishir. Baɗi sai mun lallasa kowa a filin nan!"

Ta yi gyaran murya. "Waɗanne yara? An rushe ƙungiyar tun jiya. Filin zai koma wurin ajiye motoci. Amma allon sunanka babba ne, daga titi ma za a hango shi."