Kwanon da Baba Ya Riƙa Turewa

Ku yi mini afuwa, masu karatu. Na saba karanta labarin wasu ne, ban taɓa rubuta nawa ba. In kun ga kuskure ku rufa mini asiri, ku ɗauki saƙon.

Tun da aka fara yi wa Baba kemo, wato maganin ciwon dajin nan da ake ƙara wa mutum ta jijiya, ya dawo gidan ɗansa makanike da zama. Matar makaniken ce ke kula da cinsa da shansa. Mace ce mai ji da girkinta, in ta ɗora tukunya har maƙwabta sai sun leƙo.

Da farko Baba yakan cinye tas, har ya tsokane ta: “Ɗiyata, wannan hannun naki zai raba likita da aikinsa.” Amma da aka yi masa zagaye na biyu sai ya sauya. Ta kai kwano, ya buɗe, ya ɗan taɓa, ya rufe, ya ture gefe. Barkwancin ma ya ɗauke. In ta gaishe shi sai ya ɗaga hannu kawai, baki a rufe.

Abin ya tsaya mata a rai. Ta tare mijinta yana ɗaure takalmi.

“Ka ga Baba kuwa? Ture abincina yake kamar na zuba masa ƙasa. Gaisuwar ma ta gagara. In laifi na yi a faɗa mini mana.”

“Ke ma dai da neman magana,” in ji shi. “Bakinsa ne ba ɗanɗano. Ki ɗan tayar masa da miyar.” Ya suri makullinsa ya fice.

Ta kuwa tayar. Ta ƙara barkono, ta matse lemun tsami, wai don baki ya buɗe. Ta soya nama ƙarau, ta haɗa shayi yana tururi. Ta ajiye tire, ta durƙusa gefe.

“Baba, yau ba inda za ni sai na ga bayan kwanon nan. Ko so kake a ce ina horar da kai da yunwa?”

Baba ya dube ta, ya ɗauki cokali. Ya kai baki, ya runtse ido, hawaye ya gangaro masa.

“Yauwa!” ta ce, har da tafi. “Yajin ya fara aiki.”

Abin da ba ta sani ba, maganin ya farfasa masa baki. Harshe, dasashi, cikin kumatu, duk sun yi gyambo. Yawu ma da ƙyar yake haɗiyewa. Kunya ce ta ɗaure shi. Dattijo kamarsa ya wage baki gaban surukarsa? Ga shi yana ganin ya riga ya zame musu nauyi, ina kuma ya ce a sauya masa girki.

Sai ya samo dabara. Da ta juya baya, ya juye abincin a leda, in zai shiga banɗaki ya jefa a kwandon shara. Kwano ya riƙa dawowa wayam, ita kuma tana murna, tana ƙara barkono. Ruwan sha ma ya rage, don shi ma yana yi masa zafi.

Wata safiya ta shigo da tire, ta tarar da shi yashe a bakin ƙofar banɗaki, jiki zafi rau, leɓe a bushe.

A asibiti wata nas ta haska bakinsa da tocila. Sannan ta yafito matar makaniken. “Zo ki gani.”

Ta leƙa sau ɗaya, ta kau da kai. Wajen ya yi jajur, wani gun fari fat, wani gun yana tsattsafo da jini.

“Me yake ci a gida?” nas ta tambaya.

Ta fara lissafawa da ƙarfinta. Kafin ta kai kan lemun tsami muryar ta shige ciki.

“Haba baiwar Allah! A wannan bakin? Maganin nan yakan sa ciwon baki, ba a faɗa muku ba? Abu mai laushi ake ba su, wanda ya huce, ba yaji ba tsami. Buroshi mai taushi, su riƙa kurkure baki da ruwa mai ɗan gishiri kaɗan. Da kun zo tun farko, akwai abin da muke bayarwa ya rage zafin.”

An faɗa, ranar farko. Makanike aka faɗa wa, hankalinsa na kan wata mota da ya baro a gareji. Yanzu ga shi jingine da bango, ya kasa haɗa ido da kowa.

Likita ya ce ƙwayoyin cuta sun shiga jini ta gyambon, jiki kuma ya ƙare da yunwa. Dole a dakatar da kemo sai ya murmure, shi kuwa ciwon dajin ba zai tsaya jira ba.

Da Baba ya farfaɗo, ta zauna gefen gado da kofin madara mai sanyi, kanta a ƙasa.

“Baba, don Allah ka yafe mini.”

Ya daɗe yana haɗa kalmomin, kowace da zafinta. “Ɗiyata... miyar... ta yi daɗi.”

Ta rufe fuska da mayafi. Da zaginta ya yi, da ya fi mata sauƙi.

Baba bai sake samun ƙarfin da za a ci gaba da maganin ba. Bai koma gidan ba, a asibitin ya rasu.

Jama'a, in mai shan maganin daji ya ture kwano, kada ku ɗauka raini ne. Ku tambaye shi a hankali, ku duba bakinsa, ku gaya wa likita da wuri, in da zazzaɓi kuwa kada a jira. Kai ma mara lafiya, ciwo ba abin kunya ba ne, ka faɗa.

Iyakar abin da na iya ke nan. Bari in ajiye takardar in sulale, tun kafin wani ya ɗago kai.