Kwakwar Nagamani

Kwakwa ce ta faɗo kan motar shugaban kwamiti, ta lotsa rufin. Kafin rana ta take, har an aiko mai gatari.

Nagamani na cikin suya a rumfar shayinta da ke ƙofar ma'aikatar ƙera jiragen ruwa ta hango shi. Ta bar mai a wuta, ta ruga ta rungume bishiyar.

"Amma, matsa mana," in ji Appalanaidu mai gatari; Amma a harshensu kamar a ce Inna ne. "Ni ma aiko ni aka yi. Ko aurenta za ki yi?"

"Kakanka zai aure ta. Taɓa ta ka gani!"

Kwamitin daga Delhi ya zo. Aikinsa wai ya binciki kwamitocin baya, a gano abin da ya sa jirgin yaƙin ƙarƙashin teku da aka yi alkawari har yau ko ƙusa ba a buga ba. Nagamani ta gaji da ganinsu. Su sha shayinta, su leƙa fili, su ce sa hannu ake jira, su tafi. Mijinta Subbaraju, shugaban masu walda, sa hannun nan ya yi ta jira har ya mutu aka ƙona gawarsa bisa al'adarsu.

Bishiyar kuwa tana tsaye a inda bai dace ba, cikin yashi, daidai inda za a kafa ƙarfen farko na jirgin. Nagamani ba ta sayar da 'ya'yanta, ba ta sha. Kullum da safe sai ta shafa mata jan garin ibada, ta zuba mata ruwa.

Hayaniya ta fito da shugaban kwamitin, Malhotra, mai furfura da tumbi. Ba wanda ya nuna masa hanya, kai tsaye ya ratso ta bayan sito. Nagamani ta ƙura masa ido. Shi ko kallo na biyu bai yi mata ba.

"Jinkirin nan ɗan kaɗan ne, 'yan jarida ke zuzuta shi," ya ce da masu bin sa. "Mako mai zuwa za a fara aiki." Ya ɗaga kai sama. "Wai wane marar hankali ne ya shuka kwakwa a nan?"

Appalanaidu ya gyara riƙon gatari. Nagamani ba ta saki bishiyar ba.

"Ba wanda ya shuka ta, saab, ranka ya daɗe, da kanta ta tsiro," ta ce. "Ranar bikin fara aiki ni aka zaɓa in fasa kwakwa a kan ƙarfe don neman sa'a. Ina sabuwar amarya, da furanni a gashina. Na ɗaga hannu ke nan waya ta shigo daga Delhi."

"To, sai me?"

"Sai ka ce mini, ‘Ajiye ta nan a yashi, Amma, mako mai zuwa ne.’"