Tayin da Nata'ala Ya Janye

Fam dubu shida na Masar Abakar ya yi wa bindigar kuɗi, kuma dubu shidan suna aljihun Nata'ala cif, sababbi ƙal a cikin ambulan. Abin da ya rage kawai ya ce ya saya. Sai bawan Allah ya buɗe baki ya taya dubu biyu.

Abakar tela ne, Bahaushen Sudan, yana zaune a hawa na biyar na wani bene a unguwar Hayyin Ashir da ke Alƙahira. Shi ya sauki Nata'ala shekara shida da suka wuce, ranar da ya iso karatu daga Kano ba shi da ko katifa. Ƙaramar bindigar ta faɗo hannunsa ne a kwanakin juyin juya hali, lokacin da kowace unguwa ta koma gadin kanta, kuma shekara biyu ke nan yana neman mai raba shi da ita. 'Ya'ya huɗu gare shi, don haka ba ya ajiye ta a gida. Ƙa'idarsa ɗaya ce: sai an daidaita a kan farashi zai je ya ɗauko.

Shi kuwa Nata'ala a matse yake. Mako biyu da suka wuce wasu mutum biyu suka tare shi a tashar mota, suka karɓe masa fasfo, suka faɗa masa sunan titinsa da lambar ƙofarsa. Tun ranar matarsa Sabuwa ko taga ba ta leƙawa, ga ciki wata takwas. In ya sauka daga benen nan yau babu bindiga, zamansu a Alƙahira ya ƙare, kuma ya san haka sarai.

Bai zo shi kaɗai ba. Wani Bamisire mai suna Magdi ya rako shi, wai maƙwabcinsa ne da ya san kan makamai. Magdi ya zaɓi kujerar da ke kusa da ƙofa, shayin da Fatna matar gida ta kawo kuwa har ya huce bai taɓa ba. Saboda shi aka yi cinikin da Larabci.

Abakar ya yi dariya ya ce Allah ya shirya Kanawa, mutum ko gidansa ke ci da wuta sai ya taya guga. Ya rage zuwa dubu biyar. Nata'ala ya ce dubu biyu. Ya rage zuwa huɗu. Nata'ala ya shiga kushe kayan da ko ganinsu bai taɓa yi ba: wa ya sani ko ta yi tsatsa, wa ya sani ko an taɓa kashe rai da ita. Magdi ya yi gyaran murya, ya ce a ganinsa dubu huɗu farashi ne mai kyau ƙwarai. Nata'ala bai ko dube shi ba. Gumi ya jiƙa masa riga sharkaf, ga fanka tana ta juyi a kansa.

Sai Abakar ya dube shi da kyau. Ya ga yadda ya rame, tausayi ya kama shi. Ya miƙo hannu.

"Khalas, shi ke nan, Malam. Dubu biyu, na sallama. Bari in sa takalmi in je in ɗauko maka."

Duk wanda ya taɓa shiga kasuwa ya san in ka taya aka sallama maka, magana ta ƙare. Janyewa bayan nan ba rowa ba ce, rashin mutunci ne, ko a cinikin akuya. Magdi har ya miƙe yana gyara wando.

Nata'ala ya bar hannun a miƙe. Ya ce ya sake tunani, ɗari biyar zai biya.

Abakar ya zaci wasa ne. Da ya ga ba wasa, sai ya haɗiye fushinsa ya koma Hausa a hankali, ya ce in kuɗi ne babu ai ba abin kunya ba ne, ya karɓa kyauta saboda Sabuwa, shi dai a raba shi da ita.

Nan Nata'ala ya ji ƙasa na neman tsagewa da shi. Ya ɗaga murya da Larabci yadda Fatna za ta ji daga kicin. Ya ce shi dama ya san babu wata bindiga, ƙaryar tela ce kawai, irin ta gobe ka zo ka karɓi ɗinkinka. Ya ce mutumin da ya kwantar da baƙo a kan tsummokaran ɗinki wata uku yana yi masa gori, me gare shi na sayarwa?

Idon Abakar ya kaɗa ya yi ja. Ya cire takalmin da ya fara sawa, ya buɗe ƙofa da kansa.

"E, babu. Ban da komai. Fita, kuma ko a masallaci ka gan ni kada ka yi min sallama."

Shi da Magdi suka kama saukowa daga benen. Nata'ala na jin kukan ƙaramar 'yar Abakar ta bayan ƙofa, shi ma hawayen yake yi, bai kuma ɓoye ba. Ya so ya kira Sabuwa ya ce ta fara haɗa kaya, amma ya san ba za a bar shi ba.

A bakin titi wata farar mota na jira, mutanen nan biyu na tashar mota suna zaune a ciki. Magdi ya gaya musu babu kaya, ɗalibin da takardar zamansa ta mutu ya ɓata aikin da gangan, don haka alkawarin yafe masa in ya sa aka kama Abakar da bindiga ma ya tashi. Sannan Magdi, wanda jami'in tsaro ne, ya zaro ankwar da ya zo da ita domin Abakar, Nata'ala ya miƙa masa hannuwa biyu.